Yadda ake ɗora wa zanen katun ƙashi da linzami har ya yi magana ya waiwaya

A daren 15 ga Mayu, 2016, masu kallon shirin katun na The Simpsons a Amurka sun ga abin da ba a saba gani ba. A mintuna uku na ƙarshen shirin, Homer Simpson, wanda zane ne kawai, ya zauna a bayan tebur yana amsa tambayoyin mutanen da ke bugo waya kai-tsaye. Bakinsa yana tafiya daidai da maganarsa, yana juya kai, yana ɗaga hannu, amsoshin kuwa nan take ake ƙirƙirar su.

Babu mai zanen da ya kama alƙalami a wannan dare. Ɗan wasan da ke yi wa Homer murya, Dan Castellaneta, yana magana a ɗakin ɗaukar sauti. Manhajar Adobe Character Animator tana sauraron muryar, tana zaɓo siffar bakin da ta dace daga cikin waɗanda aka riga aka zana. Darakta David Silverman kuma yana danna maɓallan da ke sa Homer ya waiwaya ko ya motsa hannu. An gama duk zanen tun kafin ranar, abin da ya rage kawai shi ne jan linzami.

Aikin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wanda masu sana'ar ke kira rigin, wato ɗora wa zane ƙasusuwa da gaɓoɓi da linzaman sarrafa shi. Mai kallo ba ya ganinsa, amma yawancin shirye-shiryen katun da yara ke kallo a talabijin da waya a yau a kansa suke tsaye. A cikinsa kuwa, wurare biyu ne suka fi ba masu aikin wahala: bakin da zai dace da magana, da kan da zai juya ba tare da fuska ta lalace ba.

Dalilin da ya sa ake yin sa

Fim jerin hotuna ne da ake haskawa da sauri, 24 a kowace daƙiƙa a sinima, 25 a tsarin talabijin da Najeriya ke bi. Shirin katun mai tsawon minti 11 yana ɗauke da hotuna 15,840 a lissafin sinima. Ko da an bi al'adar barin zane ɗaya ya tsaya tsawon hotuna biyu, za a buƙaci zane 7,920. Kamfanin da ke son fitar da shiri kowane mako ba zai iya zana waɗannan da hannu ɗaya bayan ɗaya ba sai da ma'aikata masu yawa da kuɗi masu kauri.

Mafitar ita ce a zana ɗan wasan sau ɗaya, a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki a fallensa: kai daban, wuya daban, idanu, gira, hanci, kunnuwa da baki kowanne daban. Sai a sa wa kowane yanki wurin da zai riƙa juyawa a kai, kamar yadda almakashi ke buɗewa a kan ƙusar tsakiyarsa. Sannan a jera su uwa da 'ya'ya. Idan wuya ya karkata, kai ya bi shi. Idan kai ya motsa, ido da hanci da baki su bi shi. Amma ido yana iya motsawa shi kaɗai ba tare da ya ja kai ba. A ƙarshe a ɗaura linzamai, waɗanda ƙananan alamomi ne a jikin allon kwamfuta da mai motsa zanen zai riƙa ja.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1926, Bajamushiya Lotte Reiniger ta fitar da fim ɗinta na Yarima Ahmed, wanda ta ɗauko daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, kuma shi ne dogon fim ɗin katun mafi daɗewa da ya tsira zuwa yau. Da almakashi ta yanka 'yan wasanta daga kwali, ta haɗa gaɓoɓinsu da siririyar waya, tana matsar da su kaɗan-kaɗan ƙarƙashin kyamara.

Waɗanda suka mayar da dabarar kasuwanci su ne William Hanna da Joseph Barbera, masu Tom and Jerry, waɗanda suka kafa kamfaninsu a 1957 suka koma yi wa talabijin aiki da kuɗin da bai kama ƙafar na sinima ba. Duk wanda ya san Yogi Bear zai tuna cewa beyar ɗin yana sanye da kwala da laktaye alhali ba shi da riga. Kwalar tana ɓoye mahaɗar kai da jiki, don haka ana iya barin jikin a tsaye a falle ɗaya, a riƙa sauya kai da baki kaɗai. Mai zana 'yan wasa cikin suturar Arewa ya samu wannan rangwame kyauta, domin hijabi da rawani suna rufe wuya fiye da kowace kwala. Basaraken da ya ja amawali ya rufe baki kuwa ya hutar da mai zanensa daga rabin aikin da za a bayyana a nan.

Bakin da ido ke yarda da shi

Kunne yana rarrabe sautuka da yawa, ido kuwa kaɗan yake rarrabewa. Ingilishi yana da sautukan magana sama da 40, amma da yawansu siffa ɗaya suke bayarwa a leɓe. Wanda ya tsaya gaban madubi ya furta "ba" da "ma" ba tare da fitar da murya ba, ba zai ga bambanci ba. Saboda haka masu katun ba sa zana baki ga kowane sauti, sai ga kowane rukunin sautukan da suka yi kama a ido.

Jadawalin da ya fi shahara ana danganta shi da Preston Blair, wanda ya yi aiki a kamfanonin Disney da MGM, ya kuma wallafa littafin koyar da zanen katun a ƙarshen shekarun 1940. Siffofi kimanin goma ne a tsarin da ake kira da sunansa. Kamfanin Hanna-Barbera ya rage su zuwa shida. Yawancin shirye-shiryen talabijin na Japan da uku suke aiki: rufaffen baki, mai rabin buɗewa, da buɗaɗɗe, kuma sai an gama zane ake ɗaukar murya. Fim ɗin Akira na 1988 ya yi fice a can ne har da dalilin cewa an fara ɗaukar muryoyinsa kafin a zana bakunan. Akwai ma waɗanda suka nemi gajeriyar hanya baki ɗaya: shirin Clutch Cargo na 1959 ya riƙa ɗaukar hoton leɓɓan mutane na gaske yana liƙa su a fuskar zanen da ba ya motsi. An samu sauƙin kuɗi, amma har yau da shi ake misalin abin da ke tayar wa mai kallo tsigar jiki.

Tun da siffofi uku kan wadatar, me ya sa ake wahalar da kai? Saboda ido ba ɗan kallo ba ne kawai a wurin sauraro. A 1976, masana biyu a Birtaniya, Harry McGurk da John MacDonald, sun wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Nature. Sun haɗa muryar da ke cewa "ba" da hoton bakin da ke furta "ga", sai mafi yawan waɗanda aka gwada suka ce "da" suka ji. Ƙwaƙwalwa tana gauraya abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji kafin ta yanke hukunci. Bakin da ya saɓa wa murya yana iya rage fahimtar maganar, wanda ba ƙaramin lamari ba ne a shirin da aka yi don koya wa yara haruffa da furuci.

Sai dai ido ba komai yake bincika ba. Abin da ba ya yafewa shi ne rufewar leɓɓa. Idan an ji "m" ko "b" alhali bakin yana buɗe, ko yaro ƙarami zai lura. Shi ya sa ƙwararru ke barin rufaffen baki ya tsaya aƙalla tsawon hotuna biyu, domin hoto ɗaya yakan wuce ba a gan shi ba. Bayan wannan sai zagayewar leɓɓa a "o" da "u" da "w", sai kuma faɗin buɗewar baki a wasalin da aka fi ƙarfafawa. Sauran duk ana iya gilmawa a kansu.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ba kowane harafi bakinsa. Mai magana yakan furta gaɓoɓin kalma kimanin huɗu zuwa shida a daƙiƙa, kowace da baƙi da wasali, ga shi kuwa zane 12 ne kawai a daƙiƙar idan ana bin tsarin bibbiyu. Wanda ya cusa dukkansu zai samu baki mai karkarwa kamar na mai jin sanyi. Bakin mutum na gaske malalaci ne: yana tsallake abin da zai iya tsallakewa, yana shirya siffar sauti na gaba tun bai gama na yanzu ba. Mai furta "ku" ya riga ya tsuke leɓɓa kafin a ji "k".

Wannan ne ya sa ake sa siffar baki ta riga sautinta da hoto ɗaya ko biyu. Akwai kuma dalili na biyu. Haske ya fi sauti gudu, don haka mutum ya saba ganin saukar taɓarya daga nesa kafin ya ji ƙarar turmi, bai saba da akasin haka ba. Ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar wa gidajen talabijin ya nuna cewa mai kallo yakan fara lura idan sauti ya riga hoto da kusan kashi 45 cikin 1,000 na daƙiƙa, amma sai ya makara da kusan kashi 125 kafin a lura. Hoto ɗaya a talabijin kashi 40 ne. Wato makarar baki da hoto ɗaya ta kusa isa a kama ta, riga-kafinsa da hotuna biyu kuwa yakan wuce lafiya.

Wani abin da mai ɗora ƙashi ke yanke hukunci a kai tun farko shi ne ko haɓa za ta riƙa sauka. A tsari mafi arha, baki kamar tambari yake a fuska, ana cire wannan a manna wancan, fuskar ba ta san ana yi ba. A tsari mai kyau, kowace siffar baki tana ɗaure da muƙamuƙi: idan aka buɗe "a", haɓa ta sauka, kumatu su miƙe, idan aka yi murmushi su tura ƙasan ido sama. Haƙoran sama kuma ba sa motsi, domin a jikin ƙoƙon kai suke. Zanen da haƙoransa na sama ke hawa da sauka yakan ba mai kallo jin cewa akwai matsala, ko da bai iya faɗin inda take ba.

Idan zanen Hausa yake ji

Jadawalan nan duka a kan Ingilishi aka gina su, kuma wanda ya ɗauke su yadda suke ya ɗora wa ɗan wasan da ke magana da Hausa zai yi tuntuɓe a wurare sanannu.

Na farko shi ne "f". A jadawalin Turawa akwai siffa ta musamman da haƙoran sama ke sauka a kan leɓen ƙasa, wadda ake amfani da ita ga "f" da "v". Bahaushe ba haka yake furta "f" ɗinsa ba. Da leɓɓa biyu yake yin sa, suna kusantar juna iska na fita tsakaninsu, a bakin wasu ma har ya kusa zama "p". A karin harshen yamma, kamar Sakkwato da sassan Nijar, "fari" yakan zama "hwari", "tafi" ya zama "tahi". Ɗan wasan da ya ciji leɓe yana cewa "fara" zai yi kama da baƙon da ya koyi Hausa da girma. Abin da ya dace da shi baki ne mai kusan rufewa, ba tare da haƙora sun fito ba.

Na biyu shi ne naso. Ana rubuta "gidan Bala", amma abin da baki ke furtawa "gidam Bala" ne. Haka "sun bi" da "ɗan Musa". Duk inda "n" ya zo ƙarshen gaɓa kafin "b" ko "ɓ" ko "m", leɓɓa sun riga sun rufe, kuma rufewar ta fi daɗewa. Wanda ke bin rubutu maimakon kunne zai bar bakin a buɗe a daidai wurin da ido ya fi sa lura.

Haka lamarin yake ga tsawon sauti. Bambancin "baba" da "babba" a ido shi ne daɗewar rufewar leɓɓa ta biyu, kamar yadda yake a "amma" da "Umma". Tsawon wasali kuwa ba a ma rubuta shi. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma a na biyun baki ya fi daɗewa a buɗe. Sai kuma "kw" da "gw" da "ƙw": a "kwana" da "gwani" da "ƙwai" leɓɓa suna zagayewa tun daga farkon kalma, saɓanin "kana" da "gani".

Ta wani ɓangaren kuma Hausa tana sauƙaƙa aiki. Abubuwan da suka fi wahalar da mai koyon harshen ba sa bayyana a leɓe. "K" da "ƙ" da "g" siffarsu ɗaya, haka "t" da "d" da "ɗ", haka "s" da "ts" da "z". Karin sauti, wanda ke iya sauya ma'anar kalma gaba ɗaya, a maƙogwaro yake, ba a ganinsa. Wasulan guda biyar ne, da tagwaye biyu, "ai" da "au", waɗanda siffofi biyu ne da ake jerawa. Idan aka tattara, siffofi takwas ko tara sun isa: rufaffen baki, mai kusan rufewa na "f", buɗaɗɗe na doguwar "a", matsakaici na "e" da gajeriyar "a", shimfiɗaɗɗe na "i", zagayayye na "o", tsukakke na "u" da "w", wanda harshe ya ɗaga na "l" da "r", sai na hutu.

Jimla kamar "Baba ya koma Bauchi" ta isa gwaji. Leɓɓa suna rufewa sau huɗu a cikinta, suna zagayewa a "ko", suna tashi daga buɗewa zuwa tsukewa a "Bau", su ƙare a shimfiɗe. "Sannu da zuwa" kuwa ba ta da rufewa ko ɗaya, kuma zanen da ya haɗa leɓɓa a tsakiyarta wata maganar yake yi daban.

Juya kai

Baki sauya zane ne a wuri ɗaya. Juya kai ya fi shi wuya, domin ana neman shimfiɗaɗɗen zane, wanda ba shi da baya, ya nuna cewa yana da kauri.

Aikin yana farawa da takardar da ke nuna ɗan wasan ta kowace fuska: gaba, tsakanin gaba da gefe, gefe, tsakanin gefe da baya, sai ƙeya. A ja layuka a kwance su ratsa dukkan zanukan don tabbatar da cewa ido da hanci da haɓa suna tsayi ɗaya a kowanne. Hanya mafi sauƙi daga nan ita ce a ajiye waɗannan kawuna a riƙa musanya su. Haka shirye-shirye irin su South Park suke yi, kuma salon ya karɓe su, domin tun asali da yankakkiyar takarda aka fara shirin.

Mai son juyi mai santsi sai ya bi hanya ta biyu, wato ya sa sassan fuska su zame. Wanda ya zana fuska a bayan ƙwarya ya juya ta a hankali zai ga ƙa'idar da idonsa. Abin da ya fi kusa da mai kallo shi ya fi tafiya. Hanci ne ke yin tafiya mafi nisa, baki da idanu su bi shi da ƙasa da haka. Idon da ke nisa yana matsewa ya kusanci gefen fuska. Kunnuwa kuwa ba sa bin ayarin yadda ake zato: na nesa ya shige bayan kai ya ɓace, na kusa ya baro gefe ya matso tsakiyar ƙoƙon kai. Wannan yana nufin dole jerin fallayen ya sauya a tsakiyar juyi, abin da ke sama ya koma ƙasa, kuma dole a sa wa fuska iyaka don kada ido ko baki ya zame ya fita waje.

Manhajojin zamani suna tattara duk wannan a linzami guda. A Moho akwai ƙasusuwan da ake murɗawa kamar maɓallin rediyo, kowane mataki na murɗin yana riƙe da matsayin kowane sashe na fuska. A Toon Boom Harmony, ta kamfanin da ke Montreal a Kanada, akwai babban linzami mai irin wannan aiki. Masu amfani da After Effects sukan tsara matsayi biyar, tsakiya, hagu, dama, sama da ƙasa, kwamfuta ta lissafa abin da ke tsakaninsu yayin da ake jan ɗigo ɗaya a cikin murabba'i. Shirya wannan yakan ci kwanaki ga ɗan wasa ɗaya, amma da zarar an gama, juyin da a da yake cin zane da yawa ya koma jan ɗigo.

Zamiyar tana da iyaka. Tana aiki daga gaba zuwa tsakanin gaba da gefe. Da an doshi cikakken gefe, hanci ya keta layin fuska ya fito waje, ido ɗaya ya ɓace, baki ya koma yanka a gefen zane. Babu lissafin da ke haɗa waɗannan siffofi biyu cikin ladabi, don haka a nan dole a musanya zane, a kuma ɓoye musanyar.

Wurin ɓoyewar yana cikin yadda mutum ke juya kai a zahiri. Idanu ne ke fara tafiya, kai ya biyo baya. Kai ba ya tafiya a miƙe kamar a kan layin dogo. Yana ɗan sunkuyawa a tsakiya ya sake ɗagowa, ya zana baka. Mutum kuma yakan ƙifta ido a tsakiyar juyin. A wannan ɗan lokaci da kai ke ƙasa, ido a rufe, gudu ya kai ƙarshensa, nan ake sauya zanen, mai kallo bai sani ba. Gashi da 'yan kunne da jelar ɗankwali su iso a makare, su ɗan wuce, su dawo. Tafiya a baka da makarar abin da ke reto suna cikin ƙa'idoji 12 da tsofaffin ma'aikatan Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara a littafinsu na 1981. Kwamfuta, idan aka bar ta da kanta, miƙaƙƙen layi take bi da gudu iri ɗaya, shi ya sa juyin da ba a gyara da hannu ba yake kama da na fankar tebur.

Wani lokaci gaskiyar kauri ma ba ita ake so ba. Kunnuwan Mickey Mouse da'ira biyu ne ko ta ina aka dube shi, suna zamewa a kan ƙoƙon kansa don kada a taɓa ganin gefensu. Lokacin da kamfanin Blue Sky ya yi fim ɗin The Peanuts Movie a 2015 da kwamfuta, ya tarar cewa Charles Schulz, mai zanen asali, ta 'yan fuskoki kaɗan kawai yake zana kan Charlie Brown, kuma hanci da kunne ba sa zama wuri ɗaya daga wannan zuwa wancan. Sai aka gina kan yadda zai riƙa tsalle tsakanin waɗannan fuskoki maimakon ya juya kamar ƙwallo.

Inda lissafi ke ninkuwa

Wahalar gaske tana bayyana idan aka haɗa biyun, domin mutum yakan yi magana yana juya kai. Siffofin baki tara a fuskoki biyar, wato gaba da biyu-biyu ta hagu da dama, sun zama zane 45. Idan ana son kowanne da na fara'a da na fushi da na tsaka-tsaki, sun zama 135, ga ɗan wasa ɗaya. Ana rage su ta hanyar kifa zanen hagu ya zama na dama, amma wannan sai ga fuskar da ɓangarorinta biyu suke daidai. Hular da aka karya gefe ɗaya, ɗaurin ɗankwalin da ya karkata, tsaga a kunci ɗaya, duk za su yi ƙaura zuwa ɗaya gefen da zarar an waiwaya. Dole a ware su a nasu fallen tun farko.

Masu ɗaukar hoton 'yan tsana sun fi kowa sanin nauyin wannan lissafi, domin su a hannu suke riƙe shi. Jack Skellington na fim ɗin The Nightmare Before Christmas na 1993 yana da kawuna kusan 400 da ake cirewa ana sawa. Kamfanin Laika ya buga fuskoki sama da 100,000 da na'urar ɗab'i mai fitar da abu da kaurinsa don fim ɗinsa Missing Link na 2019.

A katun na 3D, inda ɗan wasan yake da tsawo da faɗi da kauri a cikin kwamfuta, juya kai ya zo da sauƙi, tun da akwai ƙeyar da za a juyo. Wahalar ta koma wuya, inda ake raba wa kowane ɗigon fata gwargwadon yadda zai bi ƙashin kai ko na kafaɗa. Idan rabon bai yi daidai ba, wuyan ya murɗe kamar wankin da ake matsewa. Fuska kuwa ana sassaƙa mata siffofi da dama, kowace da linzaminta, a riƙa gauraya su. Frederic Parke ne ya fara motsa fuskar mutum ta wannan hanya a Jami'ar Utah a 1972. Zuwa 1995, Woody na fim ɗin Toy Story yana da linzamai 723, daga ciki 212 a fuska, 58 a baki kaɗai. Da yawan masu wannan aiki suna tsara linzamansu bisa jadawalin motsin tsokar fuska da masana halayyar ɗan Adam Paul Ekman da Wallace Friesen suka wallafa a 1978. Wayoyin iPhone masu karanta fuska suna auna siffofi 52 ne, kuma ƙananan kamfanoni kan yi amfani da su wajen kwafe motsin fuskar ɗan wasa zuwa zane.

Kayan aikin sun yi araha ƙwarai. Blender kyauta ce, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025, ko da yake dabbobin cikinsa ba sa magana, don haka bai sha wahalar baki ba. Papagayo da Rhubarb Lip Sync, masu jera siffofin baki bisa murya, su ma kyauta ne. Rhubarb tana da hanyar sauraro biyu, ɗaya mai gane kalmomin Ingilishi, ɗaya mai bin sauti kawai don sauran harsuna, kuma ta biyun ce ta dace da Hausa. Abin da irin waɗannan manhajoji ke bayarwa daftari ne. Ba su san kalmar da mai magana ya ɗora wa nauyi ba, ba su san gatse ba, kuma sukan cika motsi fiye da kima. Sai mutum ya bi baya ya goge, ya tsawaita rufewar leɓɓa, ya matso da komai gaba da hoto ɗaya ko biyu.

Ga masana'antar katun ta Najeriya, wadda ta fitar da shirin yara na Bino and Fino daga Abuja da dogon fim ɗin Lady Buckit and the Motley Mopsters a 2020, akwai wata riba ta daban a nan. Masu kallon finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa sun saba da jarumin da ya rufe baki murya tana ci gaba, domin ba a iya taɓa hoton mutum, sai dai mai fassara ya datse jimla ko ya ja ta. A zanen da aka ɗora wa ƙashi, baki a fallensa yake. Ana iya barin duk sauran motsin yadda yake, a sake jera bakunan kaɗai ga Hausa, a sake ga Yarabanci, a sake ga Ibo, muddin kamfanin ya adana ainihin fayilolin aikinsa, kuma jadawalin bakin ya tanadi sautukan kowane harshe.

Kafin mai ɗora ƙashi ya miƙa ɗan wasa ga masu motsa shi, yakan sa shi ya furta jimla ɗaya yana juya kai daga wannan gefe zuwa wancan, a kashe sauti a kalla, sannan a kunna a sake kallo. A nan ake ganin haƙorin da ya huda kunci, da kunnen da ya yi tsalle, da bakin da ya rataye a iska bayan fuska ta wuce. Kuskuren da aka fi kamawa a wannan gwaji na lamba ne. Dole siffa ta uku a fuskar gaba ta zama ita ce ta uku a kowace fuska. Idan ta uku "a" ce a gaba amma "m" ce a gefe, ɗan wasan zai rufe baki a tsakiyar ihu duk lokacin da ya waiwaya, kuma gyaran zai bi kowane fage da aka riga aka yi da shi.